Kunnuwan Maccido Mai Inji

Duk wanda ya ci tuwo a unguwar gabas ta Sanyinna cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya a ce garin tuwon bai bi ta hannun Maccido ba. Injinsa na niƙa yana nan bayan masallacin unguwa, a wata rumfar kwano da tsatsa ta ci, gefenta da dakalin ƙasa wanda shi ya gina da hannunsa don masu jiran layi su samu wurin zama. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji. Tun bai kai arba'in ba baƙi ke ce masa tsoho, don gari ya mayar da girarsa da gemunsa fari fat. Sai ranar Juma'a, in ya yi wanka ya sa shuɗiyar rigarsa, ake tuna cewa baƙin gashi gare shi.

Ɗan manoma ne. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, 'yan'uwansa suka riƙe gona, shi kuma ya sayar da shanun da suka faɗo rabonsa, ya je Tambuwal ya sayo tsohon inji. Aka yi ta cewa ya yi wauta, ya ba da abin da ke haihuwa ya karɓo ƙarfe. Da ƙarfen nan ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'ya shida, da shi ya kai ɗiyarsa Nasiha makaranta har ta samu aikin jinya a Kebbe.

Sai dai injin bai ba shi wannan duka kyauta ba. Kunnuwansa ya riƙa karɓa, kaɗan-kaɗan, yadda ba wanda zai ce ga ranar da abin ya fara. Da fari auduga yake cusawa. Daga baya, in ya kashe inji da yamma, sai wani kuka irin na gyare ya bi shi har gida, ya ci abinci da shi, ya yi salla da shi. Matarsa Lauratu ta daina kiransa daga nesa, sai ta zo ta dafa kafaɗarsa. A masallaci yana riga kowa zuwa don ya samu bayan liman, kuma ko a nan ɗin da wutsiyar ido yake bin na kusa da shi kafin ya yi ruku'u.

A bakin aiki kuwa an daɗe da daina yi masa magana da baki. In mace ta murza babban yatsa da manuni, gari take so mai laushi na tuwo. In ta dunƙule hannu ta girgiza, ɓarza ce. In ta kwantar da tafin hannu ta kewaya shi, markaɗen ƙullu ne. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan, haka nan ya samu kansa, kuma ko baƙuwa ta zo kwana biyu ya ishe ta koya.

Matan aure ba su cika zuwa ba. Tsofaffi ne da zawarawa da masu ƙosai da koko, su ke tattaro niƙan gidaje su kawo. A hankali dakalin nan ya zama wani abu daban. In inji na ruri, dole mace ta ɗaga murya kafin ta kusa da ita ta ji, amma mai wucewa taku uku daga wurin ba ya tsintar ko kalma, shi kuma mai injin kowa ya san ba ji yake ba. Don haka abin da mace ba za ta faɗa a gidan suna ba, ba za ta faɗa a bakin rijiya ba, a nan take sauke shi, ta ɗauki garinta ta tafi da sauƙin ƙirji.

Shekara uku da suka wuce Maccido ya sayi iyafis mai igiya a kasuwar Tambuwal, irin ƙananan nan da ake cusawa cikin kunne, don ya riƙa jin karatu da labarai a wayarsa yana aiki. Kafin ya ji wani abu a cikin rurin nan sai ya ƙure ƙara har ƙarshe. Ba su yin wata biyu sai gefe ɗaya ya mutu, ya sayo wani. Ran nan ya sunkuya zai ɗauki ƙwarya, igiyar ta yi lilo, bel ɗin inji ya cafke ta. Kafin ya ɗago an fizge waya daga aljihunsa, ta bugi ƙarfe ta tarwatse, igiyar ta bar masa zane a wuya kamar na bulala.

Da Nasiha ta ga zanen nan ba ta tsaya shawara da shi ba, ta sa shi a mota sai Sakkwato. Likita ya zaunar da shi a wani ɗan ɗaki, ya ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Maccido ya zauna hannu bisa cinya yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Aka ce na hagu ya kusa tafiya duka, na dama da saura, amma in rurin nan ya ci gaba da dukansa shi ma zai bi ɗan'uwansa. Ko dai ya bar inji, ko ya kare kunnen. Maganar barin inji kuwa, ko a mota kan hanyar dawowa bai bari an kai ƙarshenta ba.

Bayan sati biyu Nasiha ta zo daga Kebbe da wani kwali. Abin da ke ciki baƙi ne mai kauri, kamar an haɗa ƙananan ƙoƙuna biyu da baka, cikinsu da laushi kamar matashi. Ta ce hedifon sunansa, ba shi da igiya, ta iska yake haɗuwa da waya, kuma yana da wani maɓalli da ke kashe ruri. Ta ja masa kunne a kan abu ɗaya: kada ya ƙure ƙara irin ta da, don ita ma ta ci rabonta a kunnen nasa.

A tsakar gida ya fara gwadawa. Yana danna maɓalli sai wata mata ta yi magana da Turanci a tsakiyar kansa. Ya fizge shi ya yi a'uziyya, ya ce wace ce wannan. Nasiha ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ba kowa ba ce, cewa take an kunna. Lauratu daga bakin murhu ta ce ikon Allah, shekara goma tana kiransa bai ji ba, ga Baturiya ta yi magana sau ɗaya ya amsa.

Washegari da hantsi ya tayar da inji kamar kullum, ya jira ya kama sosai, sannan ya ɗora abin bisa hularsa ya danna.

Rurin ya ja da baya. Ba ɗaukewa ya yi duka ba, komawa ya yi can nesa, kamar injin wani ne a wata unguwa. Abin da ya fara zuwar masa shi ne inji ya mutu, har ya miƙa hannu wajen bel, Allah ya sa idonsa ya riga hannunsa: bel na gudu, gari na zuba, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafarsa. Ya janye hannun ya matse shi a hammata. Kunnuwansa suka yi wani dum, irin wanda ya taɓa ji ranar da ya shiga yasar rijiyar gidansu. Sai ya ji numfashinsa. Ya ji goron da ke bakinsa yana fashewa tsakanin haƙora. Ya tsaya da ƙwaryar mutane a hannu, hawaye suka yi hanya biyu a cikin garin da ke fuskarsa, matan dakali suka ɗauka barkono ne wata ta haɗo a niƙanta.

Abin ba ya rasa tasa wahalar. Yana da zafi, kafin azahar gumi ya cika bayan kunne, kuma hula ba ta zama daidai. Gari yana shiga ko'ina, sai da Lauratu ta yanki tsohuwar atamfa ta ɗinka masa riga. Duk bayan kwana uku sai an kai shi shagon caji. Amma ranar farkon nan da ya kashe inji, gyaren bai bi shi gida ba sai kaɗan. Ya ji kabbarar liman da kunnensa. Kuma tsoron da ya yi, cewa ba zai ƙara gane in tsakuwa ta shiga inji ba, bai tabbata ba. Ruri mai tafiya bai ɗaya abin ke haɗiyewa. Duk wani ƙas ko ƙwas yana ratsowa, har ya fi da fitowa. Ya yi ta hamdala, ya yi ta sa wa Nasiha albarka.

Abin da ba wanda ya gaya masa, don ba wanda ya sani, shi ne murya ma tana ratsowa.

Atu ce ta fara nuna masa haka. Atu taubashiyarsa ce, ɗiyar ƙanen mahaifiyarsa, ta girme shi da shekara goma sha biyu, kuma tun yana rarrafe suke gardamar wane ne bawan wani, har yau ba a yanke ba. Koko take yi, kullum tana tafe da jiƙaƙƙen gero a roba. Ranar nan ta tsaya gabansa ta kama ƙugu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Bawa, wa yak kife ma ƙoƙuna ga kai?"

Ya ji ta tsaf. Shekara nawa rabon da ya ji tsiyar Atu da kunnensa a wurin nan. Amsa ta taso masa har baki, sai ta riga shi juyawa wajen matan dakali tana cewa da can kurma ne, yanzu kuma an rufe tukunya an ɗaure bakinta, ko aradu ta faɗi ba ya ji. Suka kwashe da dariya. Shi kuwa sai ya haɗiye amsarsa, ya ce a ransa bari ya ƙyale ta ta yi ta zuba, ya tara mata, ranar da zai mayar mata da su ɗaya bayan ɗaya sai ta nemi wurin ɓuya. Wasan taubasai kawai ya nufa. Nan ya yi kuskure.

Kafin la'asar ya san wadda ke da ƙaramin ciki ba ta gaya wa kowa ba. Ya san magidancin da ke fitar da hatsi daga rumbu a ɓoye. Washegari ya ji Saudatu mai ƙosai tana gaya wa wata baƙuwa cewa shekara ashirin tana kawo wake nan, mutumin nan bai taɓa rage mata ko cikin cokali ba, sai ya bubbuga bakin inji ragowar ta faɗo a robar mai ita. Wannan ta yi masa daɗi ƙwarai. Bai taɓa sanin ana lura ba.

A kwana na uku layi ya zo kan Atu. Ita tun da can ba ta zama a dakali in ana markaɗa nata. Tsayawa take dab da shi, tana tura gero da hannunta, leɓɓanta na motsi. Shekara da shekaru yana ganin motsin nan, wani lokaci ya ɗauka tasbihi ne, wani lokaci ya ɗauka shi take zagi. Ranar nan ya ji.

"Allah ga Gazali. Allah ka tsare mani Gazali, gabanai da bayanai. Ka kai shi lafiya, ka maido shi lafiya. Gazalina."

Gazali ɗanta ne na fari, direban babbar mota ne tsakanin Sakkwato da Legas. Kunyar ɗan fari kowace uwa tana yi, amma Atu ta kai tata inda ba wadda ta kai. Mutumin ya haura hamsin, ba mahalukin da ya taɓa jin sunansa a bakinta. Wancan take cewa, ko mai motar nan. In ya zo gari ya durƙusa gaishe ta, bango take duba ta amsa da kalma ɗaya. In ya kira waya, sai ta miƙa wa wani ta ce a ji abin da yake so. Har cewa ake zuciyar Atu dutse ce. Ga ta nan kuwa tana juya sunan a bakinta a hankali, kamar mai tsotsar alewa ba ta son ta ƙare, tana faɗinsa da ƙarfi a wurin da ta tabbata ba kunnen da zai kama.

Maccido ya shagala har ƙullu ya zuba a ƙasa. Atu ta harare shi, ta nuna masa da hannu ya kula da aikinsa.

Daga ranar abin ya daina zama wasa. Ya gane dakalin da ya gina don jiran layi ya daɗe da zama wurin ajiya, kuma kurumtarsa ce makullin. In ya ci gaba da shiru, ya zama ɓarawon zance, yana ɗibar abin da ba a ba shi ba, shi da ko cikin cokali na gari bai taɓa ɗiba ba. In ya faɗa, ya raba Atu da wuri ɗaya tak a duniya inda take kiran sunan ɗanta. In kuma ya cire abin ya koma yadda yake, to ya sallama kunnen da ya rage.

Ya gwada cirewa duk lokacin da ya hango ta. Bayan kunne ya ɗanɗana shiru, rurin sai ya sauko masa kamar taɓarya, ranar gyare ya dawo da 'yan'uwansa. Ya gwada kunna karatu a hankali, ya ga hakan yana rufe zancen dakali sarai. Amma sau biyu ya kama yatsansa yana kashe karatun da kansa don wata ta fara labari mai daɗi. Wannan ya fi komai ba shi tsoro. Ya yi istigfari, ya kasa cin tuwon rana.

Ya gaya wa Lauratu, ba tare da ya faɗi abin da ya ji ko na wa ba. Ta ce ya bar karatun a kunne ya yi shiru, tunda ba wanda ya sani ba wanda ya cutu. Ya ce ai shi ya sani, kuma su a kan ba ya ji suke magana, ba a kan ya yi alkawarin ba zai saurara ba. Ta dube shi ta ce to ya shirya, mata ne, ba za su gode masa ba.

Ranar kwana na tara, da hantsi, dakali cike, ya kai hannu ya kashe inji da niƙa a ciki. Abin da bai taɓa yi ba sai in bel ya tsinke. Shirun ya sa kowa ta waigo. Ya cire hedifon ya riƙe da hannu biyu, yana duban ƙasa.

"Ku gafarce ni. Abin ga ba toshe kunne shika yi ba. Ruri shika kashewa, shi bar magana. Duk abin da kuka faɗi nan ina ji."

Can Saudatu ta tambaya, da wata 'yar siririyar murya, tun yaushe. Ya ce yau kwana tara. Sai ka ga kowace ta yi tsit tana lissafi da baya, wace rana ta zo, da wa ta zauna, me ta ce. Wata ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata ta fashe da dariyar da ba ta daɗi ba. Saudatu ta ce to ita dai alheri ta faɗa a kansa, ya shaida, wata ta ce mata ai ba a kansa kaɗai ta yi magana ba. Ya rantse musu ba abin da ya fita daga bakinsa, ba kuma wanda zai fita har ya koma ga Allah.

Atu kuwa ta tashi. Ta sunkuya ta ɗauki robarta, geron ko taɓa shi ba a yi ba, ta ɗora a kai ta bi hanya. Ko tsiya ɗaya ba ta yi masa ba, kuma wannan ya fi masa zafi da ta zage shi tas.

Yadda Lauratu ta faɗa haka aka yi. Niƙa bai daina zuwa ba, don tuwo ba ya jira, amma sai a ajiye a nuna da hannu a tafi, a dawo a ɗauka. Dakali ya zama wurin kwanciyar awaki. Atu kuwa aka ce can wani inji yamma da kasuwa take kai geronta, tafiya mai nisa ga mai ciwon gwiwa. Maccido yana tsaye cikin shirunsa mai daɗi, ba abin ji sai numfashinsa.

Ya kira Nasiha ya ce ko za ta zo ta ɗauki kayanta. A cikin hedifon ɗin ya yi kiran, muryarta ta zo masa kusa kamar tana zaune a gefensa. Tana cikin faɗa, tana cewa Baba wallahi in ya cire abin nan ita da kanta za ta zo ta sa a kwance injin, sai ya lura da yadda take jan ƙarshen magana, sak mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Ɗiyarsa ta girma ta yi aure ta haihu bai san da muryar wa take magana ba. Ya shagala da sauraren muryar har ta ce Baba kana ji na. Ya ce yana ji, ta ci gaba. Bai ƙara tayar da maganar mayarwa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya bi ta gidan Atu. Ta bar shi tsaye a zaure har ƙafarsa ta gaji, sannan ta fito tana tsintar wani abu a faifai, ba ta dube shi ba. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya ce ya zo ne ya ce mata abin da ya ji yana nan inda ya ji shi. Ta ce ita ba ta san ya ji wani abu ba. Ya ce haka ne, shi ma bai san ya ji ba. Da zai tafi ta ce, tana duban faifanta, injin yamma da kasuwa ƙullunsa da tsaki-tsaki yake fita, masu shan koko sun fara magana.

Sai da ta ƙara kwana fuɗu sannan ta zo. Ta sauke roba, ta miƙa hannu ba magana, ya gane, ya cire hedifon ya ɗora mata bisa ɗankwali. Baturiya ba ta yi magana ba don a kunne yake. Atu ta tsaya, idanunta suka yi waje. Ta dubi bel, ta dubi bakin inji, ta dubi Saudatu da wata tsohuwa da suka zo ɗaukar gari suna magana a bakin rumfa. Ta daɗe tana saurare. Sannan ta cire ta miƙa masa, ta nuna ya kashe inji.

"Ashe cikin rijiya kaka zaune kana kallon mu," in ji ta. "To ni ban ga laifin ƙoƙuna ba. Kunne amana na, ka riƙe abinka. Laifinka guda, kwana tara."

Ya ce ya karɓa.

Ta juya wajen su Saudatu ta ce su dawo su zauna, ƙafafunta sun gaji da zuwa yamma da kasuwa. Mutumin da ya tona kansa ba wanda ya tambaye shi, in ya ce ba ya saurare to ba ya saurare. Nan take ta ƙara alama ta fuɗu a kan ukun da ake da su. Ta kama leɓatun kunnenta da yatsa biyu ta ja. Ta ce duk wadda ta yi masa haka, ya kunna karatunsa ya juya baya, kada ya kashe sai an dafa shi. Ta ce kuma ya gode wa Allah, bawan da ya samu uwargijiya mai haƙuri irinta. Ya ce ai bai taɓa jin inda baiwa ta kafa wa ubangidanta doka ba sai yau. Saudatu ta ce to, an koma.

Ba a rana ɗaya dakali ya cika ba, kuma akwai mata biyu da har yau ajiyewa suke su tafi. Amma ya cika. Yanzu in ka bi ta wurin da hantsi za ka ga Maccido da ƙoƙunansa masu rigar atamfa, wani lokaci fuskarsa na wajen mata ana ba shi labarin farashin wake yana amsawa, wani lokaci ya ba su baya yana bin karatu da leɓɓansa. Ya ce bai taɓa samun karatu mai yawa irin na bana ba, kuma matan unguwa ne suka sa shi. Da aka koma Sakkwato gwaji, likita ya ce na daman yana nan inda aka bar shi.

Atu kullum in layi ya zo kanta sai ta ja kunne, ya juya, ta yi abin da take yi, ta dafa shi. Haka har damina ta faɗi. Sai aka shiga wani sati da ruwa ya yi ta zuba a kudu, ana ta labarin manyan motoci sun maƙale a hanya, kuma aka kwana shida ba a samu wayar Gazali ba. Ba wadda ta yi wa Atu zancen, don an san ba za ta amsa ba.

Ranar ta zo ta tsaya inda take tsayawa, ta fara tura gero. Maccido ya jira alama. Ba ta yi ba. Ya ɗauka mantawa ta yi, ya kama nasa kunnen ya nuna mata. Ta dube shi ido cikin ido, ta girgiza kai.

Sannan ta mayar da idonta kan geron, ta ce Allah ga Gazali. Ta faɗi addu'arta tun daga farko har ƙarshe, ba ta rage ko kalma ba.

"Amin," in ji Maccido. Bai ɗaga kai ba.

Ta share hannunta a zane. Ta kwantar da tafin hannu ta kewaya shi a gaban fuskarsa, ko da yake ya san abin da ta kawo, ta ce ya kula da kyau, in ƙullun nan ya fita da tsaki sai ta sayar da shi ta sayi wani bawan.